Abin Da Ke Sa Tsohuwar Akori-Kura Ta Buga In Ta Zo Tsayawa

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta tashi daga Birnin Kebbi, ta bi ta Ambursa, ta nufi Argungu, ba ya bukatar a gaya masa ko mece ce akori-kura. Ita ce jakin wannan zamani. Ita ke fid da shinkafa daga fadama, ita ke kai kifi da albasa kasuwa, ita ke ɗaukar injin ban ruwa da taki da 'yan ƙwadago, ran biki kuma ta kwashi kayan amarya. Da yawa daga cikinsu sun girmi direbobinsu. Har yanzu a kan ga sauran Peugeot, wadda mu ke kira Fijo, ta kamfanin nan na Kaduna da ya fara harhaɗa motoci a 1975, amma Toyota Hilux da 'yan'uwanta na Japan sun fi yawa a ido.

Akwai wani ciwo da ya kan kama irin waɗannan motoci in sun kwana biyu, shi ne mu ke so mu yi magana a kansa. Direba ya taka birki, mota ta yi ta rage gudu lafiya lau, sai daidai lokacin da za ta tsaya cik a ji gum! daga ƙarƙashi, kamar wani mai babur ya ɗan tunkuye ta ta baya. Wanda bai saba ba har ya kan dubi madubi. A wata motar kuwa ba a jin kome sai an tsaya an ɗaga ƙafa daga birki, sa'an nan ta buga. Mai mota ya tsorata, ya kai ta gareji, a ce masa aksil ne ya mutu. A sauke, a buɗe, a sayi boris da haƙora, mota ta yi mako guda a kan duwatsu ana tsakiyar girbi, ran da aka fito da ita kuwa tun ba a bar unguwar ba ta sake bugawa. Ana zaton wuta a maƙera, ashe tana masaƙa. Kuɗin da ya tafi da yawa, amma hasarar mako guda da kaka ta fi shi ciwo ga mutumin da motar nan ita ce gonarsa.

Abin da ke ɓad da mutane shi ne kunne. Jikin mota duk a kan dogayen ƙarafa biyu ya ke zaune, watau shasi, ƙarfe kuwa ba ya riƙe ƙara wuri guda. In ka ɗora kunnenka a bakin dogon bututun famfo, wani ya ƙwanƙwasa can ɗaya bakin, sai ka ji kamar cikin kunnenka aka buga. Haka abin ya ke a mota. Abin da ya buga a baya direba ya kan ji shi ƙarƙashin kujerarsa, abin da ya buga a gaba kuma yaron mota ya rantse a baya ya ji. Saboda haka kafin a tambayi ina ta buga, sai a tambayi yaushe ta buga. Kowane ƙarfe da ke ƙarƙashin mota yana da lokacin da nauyi ke hawa kansa da lokacin da ya ke sauka, wanda ya kama lokacin ƙarar ya riga ya ci rabin aikin.

Kafin mu shiga gwaji, sai mu tuna wa juna yadda ƙarfin inji ke kaiwa ga taya. Inji yana gaba, yana juyawa. Kuloci ya karɓa ya miƙa wa giya. Daga bayan akwatin giya wata doguwar sandar ƙarfe mai rami ta tashi, ta bi tsakiyar mota ta ƙarƙashi har aksil na baya. Kanikawa suna ce mata farfela, amma ba farfelar nan ta gaban inji mai hura iska ba. A tsakiyar aksil akwai wani ƙullutu kamar tukunya, cikinsa akwai manyan haƙora biyu, ƙarami da babba, su ke karya juyin a raba wa tayoyi. Akwai motocin Fijo da aka rufe farfelarsu cikin bututu. Sha'anin waɗannan dabam ne, ba su mu ke nufi ba.

To, ga inda wuyar ta ke. Inji da akwatin giya a ɗaure su ke da shasi, bisa kujerun roba, ba su zuwa ko'ina. Aksil kuwa a jikin sifirin ya ke ɗaure, watau ganyayen ƙarfen nan da aka jera bisa juna, yana hawa yana sauka da kowane rami. In an loda kaya ya matso kusa da shasi, in an sauke ya yi nisa. Sandar da za ta haɗa abin da ke tsaye da abin da ke rawa lalle ne ta iya abu biyu: ta lanƙwashe, ta kuma ƙara tsawo ta rage, alhali tana cikin juyawa da ƙarfi.

Lanƙwasar aikin wani ɗan ƙarfe ne mai hannu huɗu, wanda a ke kira kuros, akwai ɗaya a kowane bakin farfela. Kowane hannu yana cikin ɗan kofi, kofin cike da siraran ƙarafa kamar allurai, suna birgima cikin giris. Dabarar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya yi bayaninta a 1676. Louis Renault na Faransa ya sa sanda maimakon sarƙa a motarsa ta fari a 1898, a 1904 kuma Clarence Spicer na Amurka ya fara ƙera wa masu motoci irin wannan gaɓa a rufe, don kada ƙura ta shige ta.

Ƙara tsawon kuwa aikin wata gaɓa ce mai zamewa. Ku ɗauka takobi ne da kubensa, sai dai an yi wa takobin tsagi-tsagi a tsaye kewaye da shi, an yi wa cikin kuben irinsu, don su shiga juna. Ta haka ɗaya ba ya juyawa sai da ɗaya, amma suna iya zamewa ciki da waje. A motar da tayoyin baya kaɗai ke ja, yawanci wannan gaɓa cikin wutsiyar akwatin giya ta ke shiga, man giya yana jiƙa ta. A mai jan taya huɗu kuwa a jikin farfelar ta ke, da ɗan nonon da a ke ɗura mata giris ta cikinsa. Ita ce gaɓar da aka fi mantawa da ita a jikin mota, sau da yawa kuma ita ce mai laifin.

Yanzu sai mu duba abin da ke aukuwa in an taka birki. Lainin birki na baya a jikin wani faifai ya ke, faifan kuwa a ɗaure ya ke da kwanson aksil. In lainin ya kama, tayar tana so ta ci gaba da juyawa, sai ta ja kwanson aksil ɗungum ta murɗa shi wajen da ta ke juyawa. Ba abin da ke hana shi juyewa sai sifirin, sifirin kuwa ba dutse ba ne, ya kan ba da kai kaɗan. Sai hancin tukunyar nan, inda farfela ta haɗu da aksil, ya sunkuya ƙasa. A lokacin kuma nauyin mota ya koma gaba, gaba ta duƙa, baya ta ɗaga. Duk wannan yana sake tazarar da ke tsakanin giya da aksil, ko da da rabin inci ne, gaɓar nan mai zamewa kuwa ita ce za ta biya bambancin. In tana da giris ta zame shiru, ba wanda ya sani. In ta bushe, ko tsatsa ta kama ta, sai ta cije. Mota ta tsaya, murɗar ta saki, sifirin ya nemi komawa yadda ya ke da dukan ƙarfinsa, gaɓar ta ƙi, ta ƙi, sa'an nan ta suɓuce gaba ɗaya. Wannan suɓucewar ce a ke ji gum! Kamar ƙofar katako ce da damina ta kumbura: ka tura ta ƙi, ka ƙara turawa ta ƙi, sa'an nan ta buɗe farat ɗaya har ta kusa ka da kai. Shi ya sa wata motar ba ta bugawa sai an saki birki, gama muddin ƙafa na kansa aksil yana nan a murɗe.

Ƙasar nan ta Kabi kamar an yi ta ne don ta kawo wannan ciwo. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe babban injin casa a Argungu a 2017, aikin ɗaukar shanshera ya ƙaru, nauyin kuwa a kan tsofaffin motocin nan ya faɗa. Hilux an yi ta ne don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba. In buhu ya kai kilo 80, buhu 12 ya kusa cika ƙa'ida, kowa kuwa ya san ba a tsayawa a 12. Sifirin da ya sha irin wannan lodi shekara da shekaru ya kan gaji, ya miƙe, gajiyayyen sifirin kuwa ya fi sabo murɗuwa in an taka birki. Sai kuma ruwa. Hanyoyin da ke gangarawa fadamar Gulbin Kabi, wajen Dukku da Zauro da Gulma da Augie, da damina ruwa ya kan sha kansu, balle shekarar ambaliya irin 2020. Ruwa ya wanke giris, laka ta maye gurbinsa. Hunturu ya zo da ƙura, ta gauraya da ɗan man da ya rage, ta zama kamar tokar da a ke goge tukunya da ita. Ɗabi'ar nan ta gangara da mota bakin gulbi a wanke ta har cikinta ma tana cikin lissafi. Jiki ya yi ƙyalli, gaɓoɓi su bushe.

Gwajin fari ba ya bukatar sufana. Sai dai kafin a fara, a kori ƙananan ɓarayi. A duba safaya ko ta yi sako-sako a maratayarta, a fid da jak da ƙarafan da ke yawo bayan kujera, a girgiza ƙofar baya, da ƙarfen kariya, da salansa. Jarka ko duro da ba a cika ba ma ya kan yi gum daidai lokacin tsayawa, gama ruwan da ke ciki ya kan tafi gaba ya dawo. Kada ku raina wannan mataki. Mota fiye da ɗaya ta warke a nan.

Sa'an nan a nemi fili, ko gefen kwalta inda ba kowa, da sassafe, mota ba kaya. A tafi a hankali cikin giya ta biyu, a taka totur a saki, a taka a saki, ba tare da an taɓa birki ba. In ta yi ƙwal kowane takawa da kowane saki, to akwai sako-sako a hanyar da ƙarfin inji ke bi: ko kuros, ko kujerar inji da ta giya, ko haƙoran aksil. In ta yi shiru, a sake tafiya, a fid da giya a sa ta firi, a taka birki har ta tsaya. Yanzu inji ba ya tura kome, ba ya jan kome. In ƙarar ta ɓace, ita ma shaida ce a kan hanyar ƙarfin inji. In tana nan daram, to zargi ya koma kan abubuwan da birki ke motsawa, watau birkin kansa, da sifirin da maɗauransa, da gaɓar nan mai zamewa. A lura da wannan da kyau: gaɓar mai zamewa a jikin farfela ta ke, amma firi ba ya kashe ƙararta, domin motsin aksil ne ke tura ta, ba inji ba. Nan ne da yawa su ke ruɗewa, su ce tun da ta buga a firi farfela ba ta da laifi.

Don a raba gaba da baya, sai a tsai da motar da hambirki kaɗai, ana tafiya kamar tafiyar ƙafa, gama hambirki tayoyin baya ya ke kamawa. In ta buga, abin yana baya. In ta yi shiru, amma da an taka birkin ƙafa ta buga, sai a zargi gaba: kusoshin da ke riƙe da birkin gaba, ko boljoyin, ko robobin hannuwan da ke riƙe da taya. A kuma gwada ribas. Ƙarar da ke zuwa da taɓa birki na fari, sau ɗaya in an yi gaba, sau ɗaya in an yi baya, ba ta kuma maimaitawa sai an sake juya hanya, wannan wani abu ne da ke da ɗan fili yana tafiya daga wannan bango zuwa wancan, ko lainin birki a mazauninsa, ko bushin da ya cinye. Ta gaɓar mai zamewa kuwa ba ta zuwa da wuri. Sai ƙarshen tsayawa, ko bayansa, kuma jiki ya fi kunne jin ta.

Mutum biyu sun fi ɗaya a wannan aiki. Ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya tsaya gefe, nesa kaɗan, ya zuba wa tayar baya ido. In ya ga ta ja baya ko ta matso gaba cikin ramin jikin mota sa'ad da aka taka birki, an gama bincike, aksil yana yawo a kan sifirin. Mai motar otomatik kuma ya sani, wata ƙarar daga akwatin giya ta ke fitowa lokacin da ya ke komawa giya ta ɗaya da kansa; in aka sa firi ta ɓace, sai a fara da duba man giyar.

Daga nan sai shiga ƙarƙashi, a nan kuwa ba mu yarda da gaggawa ba ko kaɗan. A ajiye mota a wuri mai tauri, miƙaƙƙe, a sa waigi gaba da bayan tayoyi, a ja hambirki, a sa firi, a kashe inji, makulli kuma ya kasance cikin aljihun wanda ke ƙarƙashi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yawancin abin da za a duba ma ba sai an ɗaga ta ba, akori-kura tana da tsayin da mutum zai kwanta.

Kafin hannu ya taɓa kome, ido ya yi karatu, gama ƙurar da ta rufe ƙarƙashin mota allo ce. Duk ƙarfen da ke motsi inda bai kamata ba ya kan goge kansa, a ga layi mai ƙyalli a tsakiyar datti, ko kuwa jan gari kamar garin jar ƙasa yana fitowa daga haɗin. A fara da inda aksil ya zauna bisa sifirin. Kusoshi biyu masu lanƙwasa, waɗanda a ke kira yubol, su ke ɗaure su a kowane gefe, wata kusa kuma, santabol, ta ratsa tsakiyar ganyayen, kanta ya shiga ɗan rami a mazaunin aksil don kada ya zame. In notin yubol ya saki, santabol kaɗai ke shan wahala, ba ya kuwa daɗewa ya ke karyewa. Motar da santabol ɗinta ya karye a kan gane ta daga baya, tana tafiya a gicciye kamar kare. A duba kuma idon sifirin na gaba da na baya, a sa ƙarfe a ɗan ɓanɓara. In robar bushin ta cinye za a ga kusa tana rawa cikin ido. A bi ganyayen ɗaya ɗaya ko akwai wanda ya tsage, a girgiza shokazoba sama da ƙasa.

Sai kuros. A kama farfela da hannu ɗaya, a kama ƙarfen da ke ɗaya gefen kuros ɗin da ɗaya hannun, a murɗa su saɓanin juna, a kuma tura sama da ƙasa. Lafiyayyen kuros ba ya motsi ko kaɗan. Duk rawar da hannu ya ji ta yi yawa. Amma akwai kuros da ke mutuwa ta wata hanya, ya bushe ya sandare, ba ya rawa, sai dai ya yi ta ƙiƙi-ƙiƙi in ana tafiya a hankali, ga kuma jan garin nan a bakin kofunansa. Wannan ba a tabbatar da shi sai an sauke farfela an lanƙwasa da hannu. Doguwar mota mai farfela biyu tana da boris a tsakiya cikin zoben roba, shi ma a tura shi a gani ko robar ta yage. Kujerar inji da ta giya kuma a sa ƙarfe a ɗaga kaɗan. Man da ke yoyo bisa roba ya kan narkar da ita, ta rabu da ƙarfenta, a ido kuwa kamar lafiya lau ta ke.

Aksil shi ne na ƙarshe, ba don ba ya lalacewa ba, sai don shi ya fi tsada, shi ne kuma aka fi yi wa ƙazafi. In aka murɗa bakin hancinsa da hannu za a ji ɗan fili kafin ya cije, har ya yi ƙwas. Wannan ba ciwo ba ne. Maƙera sun bar fili tsakanin haƙoran nan biyu da gangan don mai ya samu wurin shiga. A aksil ɗin Hilux tsakanin milimita 0.13 da 0.18 ne, watau bai kai kaurin takarda biyu ba, sai ga ƙananan filaye na sauran haƙoran ciki sun taru a kansa, hannu ya ji kamar da yawa. Bakaniken da ya murɗa wannan ya ce maka "ka ji ko?" bai nuna maka kome ba tukuna. Abin tsoro shi ne hancin ya yi rawa sama da ƙasa, ko ciki da waje, ko a ga mai yana tsiyaya daga bakinsa. Aksil da ya lalace da gaske yawanci ya kan daɗe yana kuka in an yi gudu kafin ya fara bugawa. Kafin a kwance shi, a buɗe kusar mai a tara kaɗan a tafin hannu. In akwai ɓarɓashin ƙarfe, to, ba makawa. In man ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga. Aksil mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi ya kan zuƙi ruwan ta ɗan hancin da ya ke numfashi da shi. Wannan sai a zubar a zuba sabon mai lamba 90, tun bai ci boris ba.

Ba mu faɗi haka don mu rage wa kanikawanmu daraja ba. Akwai dattawa a garejojin Birnin Kebbi da Argungu waɗanda da jin tashin inji sun san abin da ke damunsa, ilmin da ba a samu a aji. Sai dai mai mota ma yana da nasa laifi. Ya kan zo ya ce "tana ƙara," ya miƙa makulli ya tafi, bai faɗi ko da kaya ko ba kaya, ko da safe ko bayan doguwar tafiya, ko kafin ta shiga ruwa ko bayan ta fito. Likitan da aka kai wa mara lafiya ba a gaya masa kome ba, me zai yi in ba yanka ba?

In duk waɗannan sun fita lafiya, sai a koma ga gaɓar mai zamewa, gwajinta kuwa shi ne maganinta. A goge nonon, a sa famfon giris, a buga kaɗan, a fita a gwada. In ƙarar ta ɓace, ko da ta dawo bayan 'yan makonni, an kama ɓarawo. Amma kada a yi ta ɗurawa har sai an ga giris na fita, yadda a ke yi wa kuros. Cikin kuben nan rufaffe ne. In ya cika maƙil takobin ba shi da wurin shiga, farfela ta zama sanda guda, kowane rami ta doki boris na giya da na aksil. Da an ga gaɓar ta fara buɗewa sai a tsaya.

Gyaran da ke daɗewa shi ne a sauke farfelar a zare gaɓar. A tuna, da an kwance farfela giya ba ta ƙara riƙe mota, waigi da hambirki kaɗai suka rage. Kafin a zare, lalle a yi alama da alli ko da tsinin ƙarfe a gefe biyun, don a mayar yadda aka samu. Dalili kuwa, kuros in yana lanƙwashe ba ya juyawa daidai wa daida. Cikin kowane zagaye ya kan yi sauri sau biyu, ya yi nawa sau biyu. Kuros na biyu shi ke warware abin da na fari ya ɗaure, ba ya kuwa iyawa sai kunnuwansu suna layi ɗaya. In aka kuskure ko da tsagi ɗaya ne, an warkar da bugu an sayi karkarwa. A wanke tsagin da kananzir, a bi su da farce. In sun yi santsi, a shafa giris, wanda ya fi dacewa shi ne baƙin nan mai sinadarin molibdenam, a sake robar da ke hana ƙura in ta tsage. In kuwa farce ya ji tudu inda ƙarfe ya ci ƙarfe ya yi matakala, giris ba zai yi ba sai na ɗan lokaci, sai a nemi wata gaɓar. A motar da gaɓar ke shiga wutsiyar giya, a tara kwano, mai zai zubo, a kuma cika shi bayan an mayar.

Masu ƙara wa sifirin ganye don ya ɗauki lodi su sani, in mota ta ɗaga fiye da yadda aka yi ta, kusurwar farfela ta ƙaru, gaɓar mai zamewa kuma ta koma aiki a wurin da ba ta saba ba, sai kuros ya riƙa mutuwa da wuri. In an taɓa sifirin, a sa sabon yubol mai tsawon da ya dace, a kuma sake ɗaure notinsa bayan 'yan kwanaki ana aiki, gama ganyaye su kan zauna.

Saura mu faɗi wanda ke iya jira da wanda ba ya jira. Busasshiyar gaɓa ba za ta ka da mota yau ba, ana iya ƙarasa aikin yini a yi mata giris da maraice, daga nan kuma a riƙa yi mata duk lokacin da aka juye baƙin mai, da duk ranar da mota ta ratsa ruwa. Abu uku ne ba su jira. Kuros na gaba in ya tsinke ana gudu, bakin farfela ya kan faɗo ya soki ƙasa, yana iya ɗaga bayan mota ko ya fasa tankin mai. Santabol in ya karye, aksil ya kan goce ya ja tiyon birki har ya tsinka shi. Kusar birkin gaba in ta fita, birkin ya kan juye ya cije taya. Motar da aka samu ɗayan waɗannan a jikinta, ko tana tsakiyar fadama ne da buhu ashirin a kai, a sauke kayan a nemi wata ta kai su, ita kuwa a kawo mata bakanike nan inda ta ke.